Wani zai gina mana azuzuwa da ɗakin kwana, malamai kuma suna bin mu albashi

Assalamu alaikum. Ina shugabantar wata makarantar firamare ta marayu da yaran da iyayensu ba su da hali. Kyauta muke koyarwa, muna ba su abincin rana, kuma da gudummawar jama'a muke tafiya. Yaranmu 140 ne, malamai shida, ga wasu yara 90 da muka rubuta sunayensu suna jiran gurbi. Wani bawan Allah ya ce zai gina mana azuzuwa huɗu da ɗakin kwana, amma gini kaɗai zai yi. Matsalar ita ce yanzu haka malamai suna bin mu albashin wata biyu, ɗaya ma ta fara zancen ajiye aiki. Filin makarantar nawa ne, ni ke karɓar kuɗi ni ke kashewa, ƙanena ke taya ni lissafi. In na ƙi ginin, gani nake na hana yara 90 karatu. In na karɓa, ban san da me zan riƙe su ba. Ko barci ba na iya yi. Ina mafita?

Wata shugabar makaranta

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan nauyi da kika ɗauka. Amsarmu ita ce kada ki karɓi kyautar a yadda aka kawo ta, kuma kada ki mayar da ita. Ki koma ki zauna da mutumin, da takardar lissafi a hannunki. Kafin wannan zama akwai aikin gida, kuma daga albashin malamai zai fara.

Makarantar da ta kasa biyan malamai shida ba ta kai lokacin ɗaukar goma ba. Gini sau ɗaya ake biyansa a gama. Yaron da kika sa a aji ɗaya kuwa alkawarin shekara shida kika ɗauka, kuma duk ƙarshen wata sai alkawarin nan ya zo karɓar haƙƙinsa. A ce duk abin da makarantar ke ci a wata ɗari ne: 60 albashi, 25 abinci, 15 alli da littattafai da ruwa da gyare-gyare. Naki alƙaluman za su ɗan bambanta, ki sa su a gurbin waɗannan. Azuzuwa huɗu malamai huɗu ke nan, sai albashi ya tashi daga 60 zuwa 100. Baki 90 a kan 140 za su kai abinci wajen 41. Sauran ƙananan abubuwa su kai 22 ko fiye. Ɗarin nan ta zama 163, ba a ma taɓa zancen ɗakin kwana ba, alhali ita ɗarin ba ta cika shigowa. Irin wannan ne ake cewa garin neman ƙiba a samo rama, kuma yara 140 da ke hannunki ne za su fara jin ramar.

In kin zo fitar da lissafinki na gaskiya, akwai abubuwan da kusan kowa ke mantawa. Albashi wata 12 ne, ko da makaranta na hutu. Buhun hatsi da wani ya aiko, ko likitan da ke duba yara kyauta, a rubuta su da kuɗinsu na kasuwa, domin ranar da suka daina zuwa ke za ki saya. Naki albashin ma a rubuta, ko ba ki karɓa, saboda wadda za ta gaje ki ba lallai ta yi aikin kyauta ba. Ki ƙara kuɗin gyaran rufi, benci da fenti. Ki raba jimlar shekara da yawan yara, abin da ya fito shi ne kuɗin yaro ɗaya a shekara. Wannan lamba ki haddace ta, ita ce za ki riƙa faɗa wa duk mai son taimakawa.

Sai ki ɗauki takarda ki ja layi 12, kowane wata da gidansa. A sama abin da ya shigo a watan a bara, a ƙasa abin da ya fita. Za ki ga gudummawa dunƙule-dunƙule take zuwa, ta yi yawa a lokutan ibada da ƙarshen shekara, sannan a yi watanni shiru. Mafi yawan bashin albashi daga nan yake fitowa: kuɗi ya shigo da yawa a wata ɗaya, aka ga kamar an samu, aka sayi abin da zai iya jira, watan shiru ya zo babu komai. Maganinsa asusu na biyu a banki wanda ba a taɓa shi sai don albashi. Duk kuɗin da ya shigo ba tare da sharaɗi ba, a fara cire kason albashi a zuba can kafin a sayi ko tsintsiya.

Malaman kuma ki tara su a makon nan. Ki faɗa musu abin da ke asusu, ki rubuta wa kowa takardar abin da yake bi da ranakun da za a biya shi, ko da kashi huɗu za a raba. Malami yana iya jure jinkiri in ya san ranar, abin da ba ya jurewa shi ne a riƙa ce masa "a ƙara haƙuri" ba iyaka, musamman in ya leƙa taga ya ga ana sauke siminti. Wanda ya fi ƙwarewa shi ke fara tafiya, tunda shi ne wata makaranta za ta ɗauka nan take. Ga yaron da ya riga ya rasa uwa ko uba, malamar da ya saba da ita ta ɓace tsakiyar zango wani rashin ne kuma, za ki gan shi a fashin makaranta da faɗa da fitsarin wando.

Wasiƙarki ta nuna wani abu da ƙila ba ki lura ba. Yara 140 ga malamai shida, kusan 23 ke nan a kowane aji. Ma'aunin da hukumomin ilimi na duniya suka saba amfani da shi shi ne kada a wuce 40 ga malami ɗaya. Mu ba za mu ce ki kai 40 ba, domin yaranki suna bukatar ido fiye da na sauran makarantu, amma 30 abu ne mai yiwuwa. Wannan gurbi 40 ne ba tare da sabon malami ko bulo ɗaya ba, sai benci da abinci da littafi. Ki auna ɗakunan tukuna, kowane yaro ya samu aƙalla murabba'in mita ɗaya. Ki duba kuma inda gurbin yake, don galibi ƙananan azuzuwa ne ke cika, aji biyar da shida su zama rabi. Yaro ɗan shekara goma da bai taɓa shiga aji ba, in kika jefa shi aji biyar don shekarunsa zai zauna kamar baƙo, in kika sa shi aji ɗaya cikin ƙannensa kunya za ta kore shi. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita ta dace da irinsu: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko yana gane baƙi, ko kalma, ko jimla, ko gajeren labari, sannan a ware awa ɗaya zuwa biyu kullum a haɗa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya matsa gaba.

Sauran 50 ɗin ba lallai sai a cikin katangarki za su yi karatu ba. In akwai makarantar gwamnati kusa, abin da ke hana maraya zuwa sau da yawa bai wuce kayan makaranta, littafi, takardar haihuwa da wanda zai tsaya masa ba. Ki sa su can, ki ɗauki waɗannan, ki sa mutum ɗaya ya riƙa bin rajistar halartarsu duk mako. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a makarantarki zai riƙe da dama ta wannan hanya, kuma masu ba da gudummawa suna gane ta in an yi musu bayani.

Ɗakin kwana kuwa, shawararmu ki bar shi gaba ɗaya. Mun san shi ne abin da ya fi burge masu kyauta, amma shi ya fi kowane abu tsada da haɗari. Asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, yana kiran yaro maraya in ya rasa uwa ko uba ko duka biyun, kuma mafi yawan marayu suna da mahaifi ɗaya a raye, ko kaka, ko gwaggo. Da zarar an ji kina da gado da abinci sau uku, gwaggon da ke riƙe da yaro cikin wahala za ta kawo miki shi, ba don ba ta son sa ba. Ginin da aka yi don marasa kowa sai ya koma yana raba yara da danginsu. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyaye sun faɗa ƙarara cewa talauci shi kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da iyalinsa. Binciken da aka fara a birnin Bukares na Romaniya a 2000, kan yara 136 da ke gidajen marayu, ya nuna waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu sun fi waɗanda aka bari a gidajen ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ba da riƙonsu kafin su cika shekara biyu. Yaran wancan bincike ƙanana ne sosai, naki sun girme su, amma dalilin bai canza ba: ma'aikaciyar da ke canjin aiki da wata ba ta zama uwa.

Ga kuma lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2009 kan ruwa da tsafta a makarantu, ta sa lita 5 a rana ga kowane mutum a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Abinci ya koma sau uku, kwana bakwai, har da hutu ga waɗanda ba su da wurin zuwa. Sai masu kwana da yara, maza daban mata daban, da mai gadi, da wanda zai kai yaro asibiti ƙarfe biyun dare. Cin zarafin yara ma da dare ya fi samun kafa, daga manya da kuma daga manyan yara a kan ƙanana. Rabin wannan kuɗi in aka sa shi a ɗan tallafi ga mai riƙon yaro, da kayan makaranta, da ziyarar gida sau ɗaya a zango, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Yaron da gidansu ya zama masa haɗari da gaske, wannan aikin hukumar kula da jin daɗin yara ne, ki kai musu rahoto ku nema masa dangi ko amintaccen gida tare. Kada ki ɗauke yaro daga gida da ikon kanki, komai kyawun niyya, don ranar da wani abu ya faru doka ba za ta tambayi niyya ba.

To, me za ki ce wa mai kyautar? Ki gode masa, ki nuna masa takardar watanni 12 da kuɗin yaro ɗaya, ki gaya masa gaskiyar bashin albashi. Ɓoye shi ba zai yi ba, zai ji a bakin wani. Tunda gini yake so, akwai ginin da kike bukata tun yanzu. Waccan ƙa'ida ta Hukumar Lafiya ta ce bayan gida ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga yara maza 50, da na malamai mata da na malamai maza daban. Ki ƙirga naki ki gani, makarantu kaɗan ne irin taki ke cika wannan. Yarinyar da ta fara al'ada, in babu bayan gida mai ƙofa da ruwa, gida za ta riƙa zama duk wata. Sai rijiya ko tankin da zai ba da sama da lita 1,000 a rana in yara sun haura 200, da ɗakin girki mai rufi, da rumbun abinci mai makulli. In kuɗin ya ragu, ki roƙe shi ya gina abin da zai riƙa kawo haya, ya yi wakafinsa ga makarantar, ƙofarsa na kallon titi, babu hanyar da ta haɗa shi da harabar yara. Wajen lissafin hayar ki cire wata biyu na zaman banza da kason gyara, abin da ya saura shi ne naki. In kuma ya nace sai aji, a yi biyu, da sharaɗin albashin malamansu na shekara uku yana cikin kyautar.

Duk abin da kuka tsayar a rubuta, ku sa hannu. Kuɗin da aka ba da don gini na gini ne. Ranar da albashi ya matse za ki ji kamar ki ɗan ara daga ciki ki mayar, kuma wannan aron shi ne ya kashe amanar makarantu da yawa, don ba a cika mayarwa ba. In dole ta yi, ki nemi izininsa a rubuce tukuna. Magini kuma a biya shi mataki-mataki, tushe, linta, rufi, shafe, kowanne bayan wani masani da ba yaronsa ba ya duba. A ware kashi 10 cikin ɗari don abin da ba a zata ba, a riƙe kashi 5 na kuɗinsa har ginin ya ga damina ɗaya.

Akwai magana mai nauyi da ba ki tambaya ba, amma sai mun faɗa. Fili naki, kuɗi a hannunki, lissafi a hannun ƙanenki. Ba mu zargin ku da komai, sai dai a haka duk bulon da aka ɗora a filin nan ya zama dukiyarki a idon doka, gobe kuma ya zama gadon magadanki. Makarantu nawa suka rufe a shekarar da mai su ya rasu saboda wannan. Kafin a haƙa tushe, ki yi wa makarantar rajista a matsayin ƙungiyar jinƙai, ki mayar da takardar filin da sunanta, ko ki ba ta hayar dogon zango a rubuce a gaban lauya. Ki kafa kwamitin amintattu na mutum biyar ko bakwai, danginki kada su kai rabi, a samu wanda ya san lissafi, da tsohon malami, da wakiliyar masu riƙon yaran. Kuɗi ya bi ta banki, ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba. Wanda ya sayo kaya ba shi zai rubuta shigarsu rumbu ba. Duk ƙarshen wata a gwada littafin kuɗi da takardar banki, duk shekara wani akanta na waje ya duba. Wannan tsari ke kanki zai kare kafin kowa, domin mai riƙe dukiyar marayu bakin mutane ba ya barinsa. Manyan masu ba da tallafi ma ba sa duban makarantar da ba ta da waɗannan takardu.

Batun samun kuɗi, kada mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. Mutum 100 masu ba da kaɗan duk wata sun fi attajiri ɗaya, don ba rana ɗaya za su gaji ba. Abin da ke riƙe su shi ne rahoto: shafi ɗaya duk zango, yara nawa suka zo, nawa suka fara karanta jimla, nawa aka kashe kuma a me. Tsarin haɗa kowane mai kyauta da yaro ɗaya yana jawo kuɗi, amma yana da illa. Wani yaro zai samu takalmi da wasiƙa, na kusa da shi bai samu ba, kuma in mai kyautar ya daina, yaron zai ɗauka laifinsa ne. A zuba kuɗin asusu ɗaya, kowa ya ci daidai. Wasu makarantu suna ɗaukar yaran masu hali su biya, kuɗin ya riƙe marayu. Yana aiki, har yana rage wa marayu tsangwama, amma in ba a rubuta kason gurbin kyauta a dokar makarantar ba, shekara biyar sai ki tarar masu biya sun cinye kujerun. Sana'a irin kiwo ko gona da sunan makaranta kuwa, in babu wanda aikinsa ke nan shi kaɗai da littafinsa daban, lokacin shugaba take ci ta kuma ci jari. Burin farko shi ne ajiyar da za ta riƙe makarantar wata uku ko ba a ba da ko sisi ba. Sai ta cika, albashi kuma ya yi shekara guda bai makara ba, sannan a yi zancen ƙarin aji, aji ɗaya a shekara, daga ƙasa. Kafin nan ki tambayi kanki ina 'yan aji shida na bana za su, domin yaron da aka yaye ba kuɗin sakandare an kai shi rabin hanya ne.

Zaɓen waɗanda za su cike gurbi 40 ɗin kada ya zama a bakinki ke kaɗai, matsin 'yan'uwa da manyan unguwa zai yi miki yawa. A rubuta sharuɗɗa, mutum uku su zauna, a je gidan kowane yaro a gani da ido, a fifita ƙannen waɗanda ke ciki don kada a raba 'yan gida ɗaya. Duk wanda za ki ɗauka aiki, har mai gadi da mai girki, ki kira inda ya bari ki tambaya da kanki. Babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe. Baƙo ba ya yawo shi kaɗai, ba ya ɗaukar hoto sai da izinin mai riƙon yaro, kuma ba a sa sunan yaro da labarin mutuwar iyayensa a Facebook don neman kuɗi, zai girma ya tarar da shi. A naɗa mace ɗaya da namiji ɗaya da yara suka san za su iya kai musu ƙara. Kalmar "marayu" ma ba sai ta hau rigarsu ba. Ki haɗa kai da asibitin da ke kusa kan maganin tsutsar ciki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yara sau ɗaya ko biyu a shekara inda cutar ta yi yawa, a duba musu ido da kunne kuma, don yaro da dama da ake kira daƙiƙi allon ne ba ya gani.

In mai kyautar ya ji duk wannan ya ce shi dai azuzuwa huɗu da ɗakin kwana ko ya fasa, ki roƙe shi ya jinkirta shekara ɗaya, ki riƙa aika masa rahoton kowane zango. In ya ƙi jinkirin ma, ki yi masa godiya ku rabu lafiya.